Gwanjon ma yanzu sai mai waya?

Asabar ɗin da ta wuce na shiga kasuwar Wunti a Bauchi da sassafe neman rigunan sanyi na yarana biyu, don hunturun bana ya shigo da ƙarfinsa, hazo ya rufe duwatsun garin ko hango su ba ka yi. Na tarar ana shirin fasa dila, wato babban ɗaurin kayan gwanjo, a wata rumfa sai na tsaya, ni har gobe in na ga za a yanke ɗaurin dila ƙafata ba ta iya wucewa. Mutane sun kai goma sha a tsaye, yawanci mata. A cikinsu akwai wata baiwar Allah da goyo a baya, ga wani yaro ɗan shekara biyar haka ya riƙe gefen hijabinta, majina na zuba, 'yar singileti ce kawai a jikinsa yana ta rawar ɗari. Aka yanke ɗauri kaya suka kumburo, warin nan na gwanjo ya tashi, matar ta sunkuya kenan mai rumfar ya ɗaga hannu ya ce Hajiya a ɗan dakata tukuna, akwai masu zaɓin farko. Sai ga 'yan mata biyu da wani saurayi sun matso da jakar bakko, suna ɗagawa suna duba wuya da hammata suna jefawa a jaka, ɗayar ma ba ta bari ta je gida ba, nan take ta shimfiɗa wata jar jaket a kan benci ta ɗauke ta hoto. Ba a yi minti ashirin ba sun tsince duk wani abu mai kyan gani. Sannan aka ce toh bismillah, kowa ya duba.

Matar nan ta daɗe tana tonawa. Can ta ɗago wata suwaita da gwiwar hannunta ta fara cinyewa, ta gwada a ƙirjin yaron, ta taya aka ce albarka, ta ƙara ɗari biyu aka sake cewa albarka. Ta ninke ta da kyau ta mayar inda ta ɗauka, ta ja hannun yaronta. Ni kuma na tsaya ina lissafin abin da ke aljihuna ko zai kai na yarana da nasa, kafin na gama lissafi sun shige cikin mutane, na duba layi biyu ban gan su ba. Har yanzu abin yana cina.

Da daddare na ba da labarin a majalisarmu bayan isha'i, kafin na rufe baki kowa ya hau 'yan onlayin, wato masu saro gwanjo suna sayarwa ta waya, da faɗa. Wai su suka ɓata gwanjo, su suka sa talaka ba ya iya sayen rigar sanyi, wani ma ya ce ai ribar da suke ci haram ce tunda kayan ɗari biyar suke sayarwa dubu uku. Na yi shiru ina ji, sabida ni ɗan mai gwanjo ne, kuma ƙanwata autarmu tana cikin 'yan onlayin ɗin da ake zagi. Na san gidan nan ta ƙofar gaba da ta baya, shi ya sa na ce bari na rubuta yadda nake ganin abin.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya haura shekara ashirin yana sayar da gwanjo a garin nan, da shi ya ciyar da mu ya kai mu makaranta. Sari yakan je Kano ne kasuwar Ƙofar Wambai, in lokacin sanyi ya matso kuma ya hau motar Jos ya je Katako. Wanda bai san sana'ar ba yana ɗauka riba ce zalla, alhali dila sa'a ce. A rufe kake sayenta, abin da aka rubuta a jiki kawai ka sani, kayan yara ne ko wandon jins ko labule ko zanin gado, amma abin da ke ciki sai ka fasa. Na sha ganin Baba ya fasa dila ya zauna a kan benci ya yi tagumi ya kasa cewa komai don rabinta tsumma ne, na kuma ga ranar da ya fasa wata ya yi ta hamdala har ya aike ni na sayo mana tsire. In ya fasa kashi uku yake yi. Na sama, masu kama da sababbi, su yake ratayewa a hanga kuma su ke dawo masa da uwar kuɗi. Na tsakiya su ne ribarsa. Na ƙasa sai ya zube su a kan buhu a ƙasa, ko nawa ka taya in dai bai yi muni ba zai sallama, abin da ya yi kwantai kuma almajirai da masu gadin kasuwa yake bai wa in sanyi ya tsananta. Abin da nake so a riƙe a nan shi ne, a gaban kowa yake fasawa. Mai kuɗi da mara kuɗi tare suke sunkuyawa, wanda hannunsa ya fara kaiwa shi ke da hakkin tayi.

Toh maganar tsada, gaskiya an bar jaki ana dukan taiki. Kayan nan ba a Bauchi ake yin su ba, daga Turai da Amurka da Chana suke zuwa kuma da kuɗin waje ake sayen su. Bayan haka a dokar kwastam ta Najeriya tufafin gwanjo suna cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su gaba ɗaya, shi ya sa yawanci sai jirgi ya sauke su a Kwatano ko Lome sannan a san yadda za a tsallako da su, kuma duk hannun da dila ta bi sai ta ƙara nauyi. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe bodojin ƙasa, ba a fara buɗewa ba sai Disamban 2020. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira, dalar da ake canzawa wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. A Yulin 2023 aka yi juyin mulki a Nijar aka rufe wannan bodar ma har zuwa Maris na 2024. Ka haɗa wannan duka ka ɗora kuɗin mota daga Legas ko Kano zuwa Bauchi da man da ya ninka sau nawa, sannan ka ce yarinya mai waya ce ta tsadar da dila? Ko da babu mai sayarwa a WhatsApp ko ɗaya a duk jihar nan, suwaitar da matar can ta taya ba za ta koma kuɗinta na shekara biyar baya ba.

Akwai kuma abin da ba mu cika faɗa ba don kunya. Mutanen da a da ba sa ko kallon layin 'yan gwanjo yanzu su ne a ciki. Ma'aikacin gwamnati, malamin makaranta, ɗan banki ma, wanda da yake shiga shago ya saya wa yaransa sabo, yau albashi ba ya kai shi tsakiyar wata, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne kuma kowa ya san abin da buhun shinkafa yake ci a ciki. Duk sun gangaro gwanjo. Da muna yara in aka ce maka ɗan gwanjo a makaranta zagi ne, har dambe na yi a kai. Yanzu an sauya masa suna an ce tirif, an wanke an goge an ɗauka a hoto mai kyau, matar babban mutum ma tana saya ba tare da an gan ta tana sunkuye a kasuwa ba. In na sama ya gangaro tsakiya, na tsakiya ya gangaro ƙasa, shi wanda yake ƙasan dama ina zai je?

Ita kanta rigimar ba mu kaɗai ke yin ta ba, a can inda kayan suke fitowa ma ana yi. A Amurka akwai shagunan Goodwill da aka kafa tun 1902 a birnin Boston, a Ingila akwai na Oxfam da makamantansu, mutane ke kai kayansu kyauta, shagon ya sayar da araha ya yi aikin taimako da kuɗin. Sai wasu suka mayar da shiga shagunan nan sana'a, su tsince masu kyau su sa a shafukan saye da sayarwa na intanet irin su eBay ko Depop ko Vinted su ninka kuɗi, mutane suna ta ƙorafi cewa sun sa farashi ya tashi, Goodwill ɗin ma da kansa yana da shafin gwanjo a intanet inda yake kai kaya masu daraja. Hujjar masu sayarwar a can ita ce kayan sun yi yawa, shagunan ba sa iya sayar da duk abin da ake kawo musu, ragowar ɗaure shi ake yi a sayar wa 'yan kasuwa su loda a jirgi. Kuma gaskiyarsu ce, a can. Amma ka lura da abin da wannan yake nufi gare mu, dilar da ta iso Wunti an riga an tsince ta tun a ƙasarsu, an sake tacewa a wajen masu ɗaurewa, abin da ya iso mu saura ne. A kasuwar Kantamanto ta birnin Accra a Ghana, ƙungiyar Or Foundation da ke aiki a wajen ta ƙiyasta tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa duk mako kuma wajen kashi 40 cikin ɗari shara suke komawa. 'Yan kasuwarmu ma kukan da suke yi kenan, kayan yanzu ba su da ƙwarin na da, yadi ne mara nauyi da aka ɗinka don a sa sau biyar a yar. Wato a can mai kyau ya yi yawa har ana rasa yadda za a yi da shi, a nan mai kyau a dila ɗaya ƙirga shi ake yi da yatsu. Don haka wanda ya kwaso hujjar Turawa ya ce ai kaya ba sa ƙarewa, bai tsaya a bakin rumfa ya gani ba.

Yanzu bari na zo kan ƙanwata. Ta gama Federal Poly ta Gwallameji, ta yi bautar ƙasa ta dawo, shekara biyu tana kai takardu ofis ofis ba labari. Da kuɗin adashen mahaifiyarmu ta fara. Ina ganin wahalarta da idona, ƙarfe shida ta fita, ta dawo da rana tsaka da jaka a kai, ta jiƙa kayan ta wanke sau biyu don warin ya fita, ta ɗinke maɓallin da ya cire, in ba wuta ta hura gawayi ta yi guga, ta jira hasken la'asar ta ɗauki hoto a jikin bangon tsakar gida. Sannan ga data, ga kuɗin Keke Napep zuwa tasha in za ta aika kaya Azare ko Misau ko Gombe, ga mai cewa a ajiye mata ta ɓace, sau biyu ana tura mata alat na ƙarya. Abin da ya yi kwantai kuma a ɗakinta yake zama, jarinta ne a kwance. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, wanda yake ganin dubu ukun da ta karɓa bai ga wannan ba.

Kuma wai yaushe wannan sana'a ta zama baƙuwa a ƙasar Hausa? Dillaliya fa? Tun kakanninmu akwai matar da take shiga gida gida da ƙullin kaya a kai, ta karɓi zanin wannan da kwanon waccan ta kai wa matan kulle da ba sa zuwa kasuwa, ta ci la'adarta, kuma ba wanda ya taɓa ce mata azzaluma. Abin da ƙanwata take yi kenan, ƙullin ne ya koma sitatus. Yawancin masu saye a wajenta matan aure ne da ba sa fita da ma'aikatan asibiti da ɗaliban jami'a 'yan Yelwa da Gubi da ba su da lokacin zuwa su yi awa biyu suna tona. Ta ɗauke musu wahala sun biya ta.

Shi kuma mai cewa ninka kuɗi haram ne, na tuna masa da hadisin Urwatul Bariƙi da ke cikin Bukhari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi dinari ɗaya ya sayo akuya, ya je ya sayi biyu da shi, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari, Annabi ya yi masa addu'ar albarka a cinikinsa. Riba ninki ce wannan. Kuma da aka roƙi Annabi ya ƙayyade farashi a Madina lokacin da kaya suka yi tsada bai yi ba. Don haka ni ba ni da faɗa da riba, in mai saye ya ga kaya ya san abin da yake saye ya yarda, Allah ya sa albarka.

Faɗana yana wajen wancan hannun da aka ɗaga aka ce Hajiya a dakata.

Abin da ake yi yanzu, kuma duk wanda ke harkar ya sani, shi ne tun dila ba ta iso ba an sayar da zaɓin farko. Mai rumfa yana da lambobin 'yan onlayin, zai kira su ya ce gobe zan fasa, wasu har kuɗi suke turawa tun dare, wani ma ba a kasuwa zai fasa ba, a gida ko a sito zai fasa da daddare su zo su tsince, da safe ya kawo ragowar ya zube kamar yanzu ya buɗe. Ni ban ce mai rumfa kada ya nemi kuɗinsa da wuri ba, na san zafin dila a rufe da bashin mai sari a wuya. Amma lissafin Baba a bayyane yake, in na sama sun dawo maka da uwar kuɗi, na ƙasa sai ka sassauta. Yanzu an ci ta biyu, an sayar da na sama da tsada ga masu waya, sannan na ƙasan da ya kamata a zube a buhu an rataye shi a hanga ana kiran kuɗin na tsakiya. Suwaitar da gwiwar hannunta ta cinye ce fa aka ce wa matar nan albarka har sau biyu, bayan a gabanta mai rumfar ya karɓi kuɗin da na tabbata ya kusa fitar masa da jarinsa.

Kuma akwai abin da aka ƙwace wa talaka wanda ya fi kuɗi, shi ne rabo. Gwanjo shi ne waje ɗaya a kasuwa da mai ɗari biyar zai iya yin sa'a ya ɗago abin da ya fi na mai dubu goma, don dai ya riga shi sammako ko idonsa ya fi kaifi. Na san matan da suke yi wa yaransu kayan sallah kaf daga ƙasan rumfar Baba, yaro ya fita cikin 'yan uwansa ba wanda zai gane. Akwai wata tsohuwa mai sayar da ƙosai da take zuwa duk ranar fasa dila tun kafin mu buɗe, ta zauna a bakin rumfa da carbinta, jikokinta marayu ne su huɗu, kuma wallahi yaran nan ba su taɓa yin kama da marayu a sutura ba. Irin wannan tsohuwar a tsarin yau ko ta kwana a bakin rumfa ba abin da za ta samu, an gama rabon tun a waya. Annabi ya hana a tari kaya a hanya kafin a sauke su a kasuwa. Malamai su ke da bayanin iyakar hukuncin, amma hikimar ko yaro ya gan ta, kaya su iso inda kowa zai gani, kowa ya san farashi, kada 'yan kaɗan su rufe ƙofa su raba.

Na faɗa wa ƙanwata haka ido da ido. Ta ce Yaya in ban yi ba wata za ta yi, kuma ni ce zan tashi da tsumma. Na san gaskiya ta faɗa, shi ya sa ma nake ganin gyaran ba na mutum ɗaya ba ne. Amma na ce mata ko ba komai ki bambance tsakanin kayan ado da kayan larura. Jakar hannu, takalmi mai tsini, doguwar rigar biki, labule mai kyau, kambas ɗin 'yan gayu, ki tsince ki ninka yadda kasuwa ta ba ki, ba wanda zai kwana da ciwo don bai samu jakar hannu ba. Amma suwaitar yara da hular sanyi da safa da bargo a watan Disamba a garin Bauchi? Wannan magani ne. Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaro mai ciwon haƙarƙari a lokacin hunturu ya san abin da nake nufi. Akwai masu sayen kayan sanyin yara tun watan Satumba da Oktoba lokacin suna araha, su ɓoye a ɗaki sai sanyi ya kankama su fito da su, suna kiran hakan dabarar kasuwa. In mutum ɗaya ya ajiye guda ashirin ba komai, amma in masu jari suka share kasuwa kaf suka jira sai yara sun fara tari, ni ban ga bambancinsa da mai ɓoye masara sai damina ta yi tsakiya ba.

Sai kuma algus, wanda shi kam ba shi da wata kariya. Matata ta taɓa sayen jaket a wajen wata mai sayarwa a Instagram, a hoto kamar daga kanti, da ta iso zif ɗin ba ya hawa kuma akwai ƙunar guga a baya daidai inda hoton bai nuna ba. Da ta yi magana aka ce ai an rubuta ba a mayar da kaya. Rubuta hakan ba ya halatta ɓoye aibi. Wanda duk ya zauna gaban malam ya karanta Risala ya wuce babin ciniki ya ji an hana algus da yaudara da ɓoye aibin kaya, kuma duk mun san labarin tulin abincin da Annabi ya sa hannu ya ji danshi a ciki, ya tambayi mai shi me ya sa bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. A kasuwa mai saye yana juya riga ya ɗaga ta a rana ya ja ɗinkin ya ji. A waya idonsa shi ne kyamararki, inda kika nuna nan kawai zai gani, don haka amanar da ke wuyanki ta fi ta mai rumfa nauyi. Haka masu cewa ba a taɓa sawa ba alhali an sa, da masu ƙara hasken hoto har kalar da ta koɗe ta dawo, da masu zagaya rumfunan mutane suna ɗaukar hoton kayan da ba su saya ba su sa a sitatus, in an turo kuɗi su ruga su saya, in sun tarar an sayar su aiko da wani su ce ai kusan iri ɗaya ne. An hana mutum sayar da abin da ba ya hannunsa, kuma dalilin kenan. In dillanci za ki yi ki faɗa a fili ki ci la'adarki da hasken rana.

Wannan salon na a zo inbos a ji kuɗi ma ban yarda da shi ba. Ciniki da tayi al'adarmu ce, amma a kasuwa ana yi ne a gaban mutane, na kusa da kai yana jin nawa aka sallama maka. A inbos kuwa sai a duba hotonki a ga gidan da kika tsaya a gabansa sannan a yanka miki kuɗi, wata kuma a yanka mata daban, ba wadda ta san na wata.

Wani zai ce duk wannan surutun a kan tsummokaran wasu, me ya sa ba za mu yi namu ba. Ni ma abin yana min ciwo. Wanda ya san Kakuri a Kaduna lokacin da masaƙu ke aiki, tun daga Kaduna Textiles da ta fara a 1957, ya ga yadda wajen ya koma yanzu, dole ransa ya ɓaci, ga Gombe nan kusa da mu da aka san ta da auduga. Ruwanda ta ƙara wa gwanjo haraji mai yawa a 2016 don ta tayar da masaƙunta, Amurka ta mayar mata da martani a 2018 ta cire tufafinta daga rangwamen AGOA, wato tsarin da yake bai wa kayan ƙasashen Afirka damar shiga Amurka ba haraji. Magana ce babba kuma tana da ranarta. Amma yaron da na gani da singileti ba zai jira a tayar da masaƙa ba, sanyin bana ne yake dukansa.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin shugabannin 'yan gwanjo na Wunti da Muda Lawal da sauran kasuwanninmu ba, don na san suna da ƙungiya kuma in suka zauna suka yanke magana ana bi. Su ware dilar kayan sanyin yara kawai, daga Nuwamba zuwa Janairu, a ce ita a rumfa za a fasa ta da rana a gaban kowa, babu zaɓin farko, mai waya da mai goyo su sunkuya tare. Sauran diloli a ci gaba yadda aka saba in an ga dama. Wanda kuma ya sayar da na sama ya fitar da jarinsa, ya ji tsoron Allah ya zube na ƙasa a kuɗin na ƙasa.

Ƙanwata dai mun yi da ita, ba ta ce ta yarda da duk maganata ba, har yanzu tana karɓar kiran masu rumfa a kan jakunkuna da takalma. Amma ta daina taɓa kayan sanyin yara, kuma yanzu duk abin da ta sa da kuɗinsa a rubuce a ƙasa, in akwai huji ko tabo sai ta ɗora yatsa a wajen ta ɗauki hoto na biyu. Ta ce min a satin farko mutum uku suka fasa saye da suka ga hoton yatsan, ranta ya ɓaci sosai, ta zo ta same ni tana cewa Yaya ka ga abin da ka jawo min. Na ba ta haƙuri, na ce ta ƙara wata ɗaya a haka mu gani.

Jibi Asabar wani abokin Baba da har yanzu yake da rumfa ya ce min zai fasa dilar kayan yara da ƙarfe bakwai, na roƙe shi ya fasa ta a fili ya ce zai duba, don akwai waɗanda suka riga suka kira shi. Zan je da wuri na tsaya, na ware kuɗin suwaita ɗaya daban a aljihun gaba ko Allah zai sa matar nan ta dawo.